Me Ya Kamata Yaro Ya Sha? Jagora Daga Ranar Haihuwa Zuwa Shekara Biyar

Yawancin iyaye suna sa ido sosai a kan abin da yaro zai ci: ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba, ya cinye ko ya rage. Abin da zai sha kuwa ba a cika damuwa da shi ba. Duk wanda ya miƙo masa wani abu a kofi sai a ce ai ruwa-ruwa ne, ba komai. Alhali ta kofi da fida sukari mai yawa ke shiga cikin ƙananan yara, ta nan haƙora ke fara ruɓewa, ta nan kuma yaro kan cika ciki ya ƙi abinci har jininsa ya yi ƙasa.

Daga haihuwa zuwa shekara biyar abin sha uku kacal jikin yaro ke buƙata: nonon uwa (ko madarar jarirai in babu halin shayarwa), ruwa mai tsabta, da madarar da ba a zuba wa komai ba. Inda aikin yake shi ne sanin lokacin da kowanne zai shigo, da yawan da ya dace, da yadda za a tare sauran tarkacen da ke neman kutsowa.

Yawancin alƙaluman da ke nan daga wuri biyu suke: shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya, da matsayar da manyan ƙungiyoyi huɗu na Amurka suka cimma a 2019, wato ta likitocin yara, ta likitocin haƙoran yara, ta masana abinci mai gina jiki, da ta lafiyar zuciya. Duk inda na ce kofi ɗaya, mililita 240 nake nufi. Kuma awon na yaro mai cikakkiyar lafiya ne. Bakwaini, ko yaron da ke da wata lalura, maganar likitansa ce a gaba.

Mataki na 1: daga haihuwa zuwa wata shida, nono zalla

A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Ruwan farko mai kauri, mai ɗan launin rawaya, wato dakashi, kada a matse shi a zubar. Kaɗan ne yake fitowa, amma cikin jariri a ranar farko bai fi ɗaukar cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi a lokaci guda ba, saboda haka ya ishe shi, kuma cike yake da sinadaran kariya daga cututtuka.

Daga nan har ya cika wata shida, nono kawai. Ba ruwa, ba ruwan sukari, ba shayi, ba jiƙon ganye, ba ruwan 'ya'yan itace. Abin da aka yarda ya shiga bakinsa bayan nono shi ne magani ko ɗigon bitamin da ma'aikacin lafiya ya rubuta, ko ruwan gishiri da sukari na asibiti in gudawa ta kama shi.

Maganar ruwa ce ta fi ba mutane wahala, musamman lokacin zafi. Za a ce miki yaron nan ƙishirwa yake ji, ke kina shan ruwa shi kin hana shi. Mai faɗa da kyakkyawar niyya yake faɗa, amma ya kamata ki san amsa. Nonon uwa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne. Wanda ke fara zuba a farkon tsotso ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa, na ƙarshe kuma ya fi maiƙo, shi ke ƙosarwa. In gari ya yi zafi za ki ga jaririn yana neman nono akai-akai, ya ɗan tsotsa ya saki. Ruwansa yake sha ke nan. Ki ba shi duk lokacin da ya nema, ke kuma ki yawaita shan ruwa.

Ruwa yana cutar da ɗan ƙaramin jariri ta hanya uku. Yana cika masa ciki da abin da babu abinci a cikinsa, sai ya rage tsotso, shi kuwa nono gwargwadon tsotso yake zuwa, sai ya fara raguwa. Yana iya shigo da ƙwayoyin cuta su sa shi gudawa. Na ukun shi ne wanda mutane ba su cika sani ba: ƙodar jariri ba ta yi ƙwarin tace ruwa mai yawa ba, in ya yi yawa sai gishirin da ke cikin jininsa ya tsinke, hakan na iya kai shi ga jijjiga ko suma.

To ta yaya za ki san nonon na isar sa? Kada ki auna da kuka, jariri yana kuka saboda dalilai da yawa. Ki auna da fitsari da sikeli. Daga kwana na biyar ya kamata ya jiƙa ƙunzugu aƙalla sau shida a yini da dare, fitsarin kuma fari-fari, ba mai duhu ko wari ba. Yana shan nono sau 8 zuwa 12 a awa 24 a makonnin farko, nauyinsa kuma na ƙaruwa duk lokacin da aka je awo. In za ki fita ki bar shi, nonon da kika tatsa a mazubi mai tsabta da murfi yana iya kai awa huɗu a ɗaki, ko kwana huɗu a firji.

Zuma kuwa a jira sai ya cika shekara ɗaya, ko ɗigo kada a lasa masa, ko a cikin ruwa ko a kan harshe. Akan sami ƙwayar wata cuta a cikinta da ke shanye jijiyoyin jariri, har ya kasa tsotso da numfashi. Hanjin babba na iya maganin ta, na jariri ba ya iyawa, kuma tafasawa irin ta gida ba ta kashe ta.

In madarar jarirai ake ba shi

Akwai uwar da rashin lafiya ko wani dalili ke hana ta shayarwa, akwai jaririn da ya rasa uwa. Ba abin zargi ba ne. Abin lura shi ne garin madarar gwangwani ba a tsarkake yake ɗari bisa ɗari ba, ko da ba a taɓa buɗe gwangwanin ba, ana iya samun ƙwayoyin cuta masu haɗari ga jarirai a cikinsa. Shi ya sa haɗin ke da ƙa'ida.

Ki wanke hannu da sabulu. Ki wanke fidar da kan robarta da buroshi, ki tafasa su. Ki tafasa sabon ruwa, ki bar shi ya ɗan huce amma kada ya wuce minti 30, domin ana so zafinsa kada ya gaza digiri 70 lokacin da zai haɗu da garin, wannan zafin ne ke kashe ƙwayoyin cutar. Ruwa ake fara zubawa zuwa layin da ake so, sannan gari. Da cokalin da ya zo cikin gwangwanin za ki ɗiba, ki share bakinsa ya daidaita, kada ki danna, kada ki yi tozo. Yawan ruwan kowane cokali ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka ki karanta jikin gwangwanin, kada ki bi awon wata madarar da kika saba da ita. Ki rufe ki girgiza, ki sa gindin fidar a ruwan sanyi har ta huce, ki ɗiga a cikin tsintsiyar hannunki ki ji. Ɗumi-ɗumi ake so.

Abin da aka haɗa aka ajiye a ɗaki, in ya kai awa biyu a zubar. Wanda jariri ya sa wa baki ya rage ba a ajiye masa shi sai anjima. A firji kuwa, wanda ba a taɓa ba yana iya kai awa 24.

Kuskure mafi muni shi ne ƙara ruwa don gwangwani ya daɗe. Jaririn zai sha ya cika ciki, amma yunwa yake kwana da ita, ga kuma haɗarin tsinkewar gishirin jini da na ambata. In madara ta gagare ki saye, gara ki faɗa wa ma'aikacin lafiya a nemi mafita. Ƙara gari don yaro ya yi saurin ƙiba shi ma yana wahalar da ƙoda, ya kawo taurin bayan gida. Kada kuma a zuba garin hatsi a fida wai don ya yi barci mai tsawo.

Mataki na 2: wata shida zuwa shekara ɗaya, ruwa da kofi sun shigo

A wata shida ake fara ba yaro abinci, a nan ne kuma ruwa ke shigowa, kaɗan-kaɗan: rabin kofi zuwa kofi ɗaya a duk yini, wato mililita 120 zuwa 240, ana kurɓa masa lokacin cin abinci. Har yanzu nono ne babban abin shansa, yana ba shi rabin ƙarfin da jikinsa ke buƙata ko fiye. In ba ki amince da tsabtar ruwan ba, ki tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ki huce shi a rufe.

Ruwan nan a kofi za a ba shi, ba a fida ba. Ki sami ɗan ƙaramin kofi marar murfi wanda hannunsa zai iya kamawa, ki zuba ruwa kaɗan, iya abin da zai rufe gindin kofin. Ki zaunar da shi a miƙe, ki ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, ki karkata a hankali har ruwan ya taɓa leɓen, sai ki tsaya. Kada ki ɗura. Da farko zai yi ta lasa, ya hura kumfa, ya sa hannu ya kifar, rabi ya bi ta haɓa ya jiƙa riga. Haka koyon yake. Bayan 'yan makonni za ki ga ya kama kofin da hannu biyu yana kai wa baki da kansa, ke sai dai ki tallafi gindin. Kofi mai murfi da ruwa ke zuba da kansa in an karkata, ko mai tsinken zuƙa, su ma ba laifi. Wanda ban cika so ba shi ne irin wanda ba ya zuba sai an tsotsa da ƙarfi, domin wannan fida ce kawai aka sake wa kama.

Ruwan 'ya'yan itace babu shi a wannan shekarar, ko da a gida aka matse. Tun 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya. A marmashe masa 'ya'yan itacen ya ci.

Batun madarar shanu akwai saɓani tsakanin masana, kuma gara ki san shi. Hukumomin lafiya na Amurka da Birtaniya sun ce kada ta zama abin shan yaro sai ya cika shekara. Dalilinsu: sinadarin ayon da ke ƙara jini kaɗan ne a cikinta, tana iya sa hanjin jariri ya riƙa zubar da jini kaɗan-kaɗan da ido ba ya gani, kuma furotin da gishirinta sun yi wa ƙodarsa nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a shawarar da ta fitar a 2023, ta ce yaro ɗan wata 6 zuwa 11 da ba ya shan nono ana iya ba shi madarar jarirai ko madarar dabba mai cikakken maiƙo. A nawa ganin abin ba shi da wuyar warwarewa. Mai shan nono ba ya buƙatar ko ɗaya. Wanda ke kan madarar jarirai, in da hali a ci gaba har shekara. In kuwa zaɓin ya zama tsakanin tsinka madarar gwangwani da ruwa ko ba shi tafasasshiyar madarar shanu, ta biyun ta fi, muddin ana haɗa masa da abinci mai ƙara jini irin su nama, hanta, kifi, ƙwai da wake.

Mataki na 3: shekara ɗaya zuwa biyu, madara da rabuwa da fida

Mai shayarwa ta ci gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce a shayar har shekara biyu ko fiye, kuma a shekara ta biyu nono na iya ba yaro kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da yake buƙata. Wanda ba ya shan nono sai a koma da shi kan madara mai cikakken maiƙo, kofi biyu zuwa uku a yini, domin ƙwaƙwalwarsa na buƙatar maiƙon a wannan lokacin. Ruwa kuma kofi ɗaya zuwa huɗu, gwargwadon zafin gari da yawan guje-gujensa.

Kofi ukun nan iyaka ce, ba abin da ake so lallai a cike ba. Ga yadda abin kan kasance in an wuce ta: yaro ya tashi da safe a ba shi madara, a kawo abinci ya kau da kai, uwa ta ji tsoron kada ya zauna da yunwa ta sake haɗa masa madara, da rana ma haka. Shi ya gane cewa in ya ƙi abinci madara na tafe. Za ki gan shi ɓul-ɓul, amma tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, ga saurin fushi, ga kasala. Ƙarancin jini ke nan, kuma yawan madara na cikin sanannun abubuwan da ke kawo shi a wannan shekarun. Maganin abin shi ne a juya tsarin: abinci tukuna, madara daga baya. Tsakanin abinci da abinci in ya ce ƙishirwa, ruwa.

Fida kuma lokacin sallamarta ya yi, tsakanin wata 12 zuwa 18. Ki fara da ta rana, wadda bai damu da ita sosai ba, ki maye gurbinta da kofi. Bayan 'yan kwanaki ki cire ta safe. Ta dare ce mai rigima, ita za ki bari ƙarshe. Dabarar da ke aiki ita ce madara ta koma kofi kawai, fida kuma ruwa zalla za a riƙa zubawa, da kansa zai daina sha'awarta. Zai yi kuka dare biyu ko uku, a nan uba ko wani babba a gidan zai iya karɓar aikin kwantar da shi.

Dalilin matsawa a kan fidar dare haƙori ne. In yaro ya yi barci yawu na raguwa a bakinsa, madarar ko abin zaƙin sai ya kwanta a jikin haƙoran sama na gaba, ƙwayoyin baki su mayar da sukarin tsami, tsamin ya riƙa cin haƙorin. Alamar farko ba baƙi ba ce. Ki ɗaga leɓensa na sama a wuri mai haske, in kin ga wani farin layi marar ƙyalli a gindin haƙori kusa da dasashi, ruɓewa ta fara, kuma a wannan matakin likitan haƙori na iya tsayar da ita. Tun fitowar haƙorin farko a riƙa goge masa sau biyu a rana da man goge baki mai sinadarin fuloraid, ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa kafin shekara uku. Bayan gogewar dare, ruwa kawai.

Ba duk farin abu ne madara ba. Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi kusan rabinta sukari ne. Garin da ake yi don farinta shayi galibi man tsirrai ne da sukari, ba abincin yaro ba ne. Ɗanyar madara daga dabba sai an tafasa, tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta har da na tarin fuka. Sai kuma madarar da kamfanoni ke tallatawa da sunan ta yara 'yan shekara ɗaya zuwa uku, mai lamba 3 ko 4 a jikin gwangwani da hotunan ƙwaƙwalwa da ƙashi. Likitocin yara na Amurka sun duba ta a 2023 suka ce ba ta fi madarar shanu da abinci mai kyau amfani ba, da yawa ma an ƙara musu sukari, ga tsada. Kuɗinta gara a sayi ƙwai da 'ya'yan itace.

Abin da ake kira madarar tsirrai, irin ta almon, ta kwakwa ko ta hatsi, yawancinsu furotin ɗinsu kaɗan ne, ba sa maye gurbin madara. Ta waken soya da aka ƙara wa kalsiyam da bitamin, marar sukari, ita ce ta fi kusa. Ta shinkafa kuwa hukumar lafiya ta Birtaniya ta ce kada a ba ɗan ƙasa da shekara biyar saboda gubar asenik da shinkafa ke zuƙa daga ƙasa. In kin ga madara na sa wa yaro ƙuraje, kumburin fuska, amai ko jini a bayan gida, likita za ki gani. Kada ki koma madarar akuya da kanki, furotin ɗinsu kusan iri ɗaya ne, wanda jikinsa ya ƙi ta shanu galibi zai ƙi ta akuya.

Mataki na 4: shekara biyu zuwa biyar, fama da zaƙi

Awon yana da sauƙi. Madara kofi biyu ga ɗan shekara biyu zuwa uku, har kofi biyu da rabi ga ɗan huɗu zuwa biyar. Ruwa kofi ɗaya zuwa biyar. Ƙungiyoyin Amurka sun fi son a koma madarar da aka rage wa maiƙo bayan shekara biyu, amma yaro siriri da ba ya cin abinci sosai ban ga dalilin rage masa ba.

Abin da ya sauya shi ne yanzu yaro ya yi baki, ya san launin kwalabe, yana gani a hannun wasu. Ƙungiyar lafiyar zuciya ta Amurka ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu kada a ƙara masa sukari ko kaɗan, daga biyu zuwa sama kuma kada ya wuce giram 25 a yini, kimanin cokalin shayi shida, a haɗe da na abinci da na abin sha. Gwangwanin lemon kwalba mai mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35. Guda ɗaya ya riga ya zarce iyakar yini.

Ki koyi karanta jikin kwali, minti ɗaya ya isa. Ki nemi giram nawa na sukari ke cikin kowace mililita 100, ki ninka da yawan mililita ɗari-ɗari da ke cikin kwalin, ki raba gida huɗu, abin da ya fito shi ne yawan cokalin shayi. Misali, ɗan kwali mai mililita 200 da aka rubuta giram 11 a kowace mililita 100: giram 22 ke nan, cokali biyar da rabi. Da za a ce ki ɗebi cokali biyar da rabi na sukari ki zuba wa ɗan shekara uku a baki, da ba ki yarda ba. Hoton 'ya'yan itace a jikin kwali ba hujja ba ce, da yawa ruwa ne da sukari da kala da ƙamshi.

Ko tsantsar ruwan 'ya'yan itace da ba a ƙara wa komai ba, sukarinsa bai yi nisa da na lemon kwalba ba. Kafin a cika kofi ɗaya sai an matse lemon zaƙi uku ko huɗu, yaro ba zai iya cinye su a zama ɗaya ba, amma zai shanye ruwansu cikin minti biyu, an kuma zubar da tuƙar da ke taimakon hanji. In za a bayar, iyakarsa rabin kofi a yini ga ɗan shekara ɗaya zuwa uku, rabin kofi zuwa kashi uku cikin huɗu na kofi ga ɗan huɗu da biyar, tare da abinci, a buɗaɗɗen kofi, ya shanye a ɗauke. Yawo da shi yana kurɓa duk yini shi ya fi ɓata haƙori. Yawansa kuma, musamman na tuffa, yana sa wasu yara zawo da ya ƙi tsayawa, a yi ta neman dalili alhali yana cikin kofi.

Madarar da aka sa wa cakulan, garin koko mai zaƙi da ake damawa, da yogot na sha mai ɗanɗano duk a layin zaƙi suke. Shayi da gahawa a bar wa manya: suna da sinadarin kafin da ke hana barci, shayi kuma yana tare sinadarin ayon ya hana jiki zuƙarsa daga abinci. Lemon ƙara kuzari ko kurɓi bai kamata ba. Wanda aka rubuta babu sukari a jikinsa, aka sa wani sinadarin zaƙi a madadinsa, shi ma ba na yara ba ne, domin harshen dai zaƙi yake koyo.

In yaron ya riga ya saba fa? Ba a makara ba. Hanya mafi sauƙi ita ce kada abin ya shigo gida, domin ba a rigima a kan abin da babu. In ruwan 'ya'yan itace ne ya kama shi, ki riƙa sirka masa da ruwa, yau kaɗan, mako mai zuwa rabi da rabi, har ya zama kala kawai ta rage. Ki ajiye ruwa inda hannunsa zai kai, a kofin da shi ya zaɓa. Ɗan sanyi, ko yankan lemon zaƙi da aka jefa a ciki, yana sa wasu yara su karɓa. Kada abin zaƙi ya zama ladan cin abinci ko kayan rarrashi, yin haka ɗaga darajarsa ne a idon yaro. A wurin biki in ya kurɓa sau ɗaya ba abin tayar da hankali ba ne, na kullum shi ne matsala. Ki sanar da duk mai kula da shi, kaka ko mai reno ko malamar makaranta, cikin ladabi amma a fili, kuma gorarsa ta makaranta ruwa za a zuba. Abin da ya fi wuya shi ne na manyan gidan: yaron da ke ganin babansa da lemon kwalba a kowane cin abinci ba zai yarda ruwa abin kirki ne ba.

Mataki na 5: ranar da ciwo ya zo

Gudawa da amai suna ƙarar da ruwan jikin ƙaramin yaro cikin sauri, kuma a nan ake yawan kuskuren ba shi lemon kwalba ko ruwan 'ya'yan itace wai don ya sami ƙarfi. Yawan sukarinsu yana jawo ruwa zuwa cikin hanji, sai gudawar ta ƙaru.

Mai shan nono a ƙara yawan shayar da shi. Sannan a haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti, wanda ake kira ORS, a cikin daidai yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, galibi lita ɗaya, ruwan kuma mai tsabta. Bayan kowace gudawa, ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi mililita 50 zuwa 100, wanda ya haura biyu 100 zuwa 200. Da cokali ake bayarwa, kaɗan-kaɗan, duk minti ɗaya ko biyu. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana awa 24 a zubar a haɗa sabo. In babu fakitin a kusa, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri, duka a shafe, cikin lita ɗaya, kafin a samo na asibiti. Kada gishirin ya wuce haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma ce a haɗa da ƙwayar zinki kullum na kwana 10 zuwa 14, a ƙarasa ko da gudawar ta tsaya. Abinci ba a dakatar da shi.

A tafi asibiti ba tare da jira ba in yaro ya kasa sha ko tsotso, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, idanunsa sun zurma, maɗigarsa ta faɗa, ya daina fitsari, akwai jini a bayan gidansa, ko ya yi laushi ana tashinsa da ƙyar. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa, zazzaɓi ko gudawa kaɗai sun isa a kai shi. A ɗauki ruwan gishiri da sukarin a gora, a ci gaba da ba shi da cokali a hanya muddin yana iya haɗiya.